Injin Wanki a Motar Malam Barau

Ranar Laraba ya shigo garejinmu na Kwangila
da tsohuwar bas ɗin nan mai ruwan ƙasa,
wadda ya cire wa kujeru tun bara,
ya kafa gado, ya ajiye risho, ya rataye buta,
har da labule mai zanen kifi a taga.
Ya ce, “Talle, saura abu ɗaya.”

Abu ɗayan yana cikin kwali:
injin wanki, irin mai wankewa ya busar,
fari fat, ɗan gwanjo,
ya ɗan lotsa a kafaɗar hagu.

Na ja tef na auna ƙofa.
Inci biyu suka hana.
Na ce, “Malam, giwa ka kawo wa akurki.”
Ya ce, “Kwance ƙofar.”
Muka kwance. Ni da yarona Ɗanjuma,
ina ja, yana turawa,
ƙarfe ya tafi da fatar yatsana.
Ya shiga, ya rakuɓe tsakanin gado da tudun taya
kamar baƙon da ya rasa inda zai ajiye takalmi.

Sai ruwa. Tanki a kan rufi,
mesa ta sauko ta bayan labule,
na huda gindin mota don ruwan dauɗa ya sami hanya.
Sai wuta. Batir huɗu, faifan sola biyu,
tunda ko a cikin gari ba mu amince da Nepa ba,
balle a dokar daji.
Noti shida na ɗaure masa ƙafafu,
na shimfiɗa robar tsohuwar taya a ƙarƙashi,
don ramukan hanyar Giwa ba su san tsada ba.

Bayan la’asar muka gwada.
Riguna uku ya zuba, da wando ɗaya.
Da fari lafiya lau, kamar kyanwa na minshari.
Da ya zo matsa ruwa
sai motar duk ta ɗauki rawa,
buta ta faɗo, cokula suka kaure da surutu,
masu faci suka bar aiki suka zo kallo,
mai shayi ya ce iskoki sun hau bas.
Malam bai yi dariya ba.
Ya durƙusa gaban gilashin
yana bin rigunan da ido.

Na ce, “Malam, in tambaya mana.
Nawa ne wanki da guga a Sabon Gari?”

Ya daɗe bai tanka ba.
“Shekara talatin da ɗaya ina aikin safiyo,
daga Ikara har Saminaka,
ina dawowa da jar ƙasa a wuyan riga.
Kande ke wankewa. Ba ta yarda wani ya taɓa ba.
Wai a aljihuna take karanta inda na je:
ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, guntun fensir.
Na yi mata alkawarin inji
tun yatsunta ba su fara kumburi ba.
Kullum, sai an biya garatuti.
Watan jiya aka biya.
Ita kuwa damina biyu ke nan.
Igiyar shanyarta na nan a tsakar gida,
na kasa kwancewa, na kasa kallo.”

Injin ya yi ƙara sau uku ya tsaya.
Ya buɗe, ɗumi ya bugi fuskokinmu.
Ya ɗauki riga ɗaya ya kai hanci.
“Ta bushe,” in ji shi. “Sai dai ba ƙanshin rana.”

Na sunkuya da sifana
na ƙara ɗaure notin da bai kwance ba.

Da magariba ya hau titin Kano,
mesa na ɗigar da ruwa a kan kwalta,
ɗigo, ɗigo, har ya sha kwana.

Na isa gida Hanwa
na tarar da Uwani a bakin famfo
tana cuɗa rigar aikina ta jiya.
Ta sa hannu a aljihu, ta zaro wani tsatsattsen kusa,
ta ɗaga shi a hasken fitila.
“Wannan kuma daga ina?”

Na jawo turmi na zauna kusa da ita.